Ɗaki ya yi sanyi amma jiki na danƙo

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na sa na'urar sanyaya ɗaki a wani ofis. Iskar da ke shigowa digiri 30 ce, laimarta kashi 60 cikin ɗari. Na yi lissafin saukar da ita zuwa digiri 24, kuma ma'auni ya nuna ta sauka. Amma ma'aikata na kukan jikinsu na danƙo, takardu sun yi laushi. Ina na kuskure? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, zafin ka lissafa, ka bar ruwan da ke cikin iskar. Ni ma na yi wannan kuskuren a farkon aikina, sai da na ga baƙin fumfuna a bayan wani kabad kafin na gane.

Ɗauko biro. A digiri 30, matsin tururin da ke ƙosar da iska, wato iyakar abin da za ta iya ɗauka, kilofaskal (ma'aunin matsi) 4.25 ne. Kashi 60 nasa 2.55. Cire wannan daga matsin iska, wato 101.3 a daidai bakin teku (a kan tudu yana raguwa, kada ka manta), sai ka raba 2.55 da abin da ya rage, ka ninka da 0.622. Za ka samu giram 16 na ruwa a kowane kilo na busasshiyar iska. Iskar da kake nema, digiri 24 da laima kashi 50, giram 9.3 kawai take ɗauka.

To a nan gizo ke saƙar. Sauke digiri shidan nan kilojul (ma'aunin kuzari) 6 ne kacal a kowane kilo. Tatse giram 6.7 na ruwa kuwa, wato bambancin 16 da 9.3, kusan kilojul 17 yake ci, domin mai da kilo ɗaya na tururi ruwa yana buƙatar a janye kimanin kilojul 2,500. Kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ke nan, kuma babu shi a lissafinka. Wannan ba sabuwar matsala ba ce: na'urar da Willis Carrier ya ƙera a 1902 a Amurka, laima aka ce ta magance a wata maɗaba'a, saboda takarda na kumbura.

Iskarka tana fara zubar da raɓa a wajen digiri 21, amma sai ta sauka kusan 13 a kan bututun sanyi kafin ta bushe yadda kake so. Ina kyautata zaton na'urarka ta fi ƙarfin ɗakin. Tana sauke zafi nan da nan, kwamfureso (injin da ke matsa gas ɗin sanyi) ya tsaya, fanka ta ci gaba da hura ruwan da ya taru a bututun tana mai da shi ɗaki.

Gobe ka tara bokiti a bakin tiyon da ke zubar da ruwa. Idan iskar waje mita kubik 1,000 ke shiga a awa, ya kamata ka tara kusan lita bakwai da rabi a kowace awa idan na'urar na busar da iskar yadda kake so. Ka rubuto mini abin da ka samu, da kuma minti nawa kwamfureson ke yi kafin ya tsaya.