Murfin Kulocin Babur Ya Tsage: Gam Zai Iya Maye Gurbin Fakin?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Boxer, da ita nake kai riɗi da awaki kasuwar Maigatari duk Alhamis daga ƙauyenmu a Sule Tankarkar. Na faɗi a cikin yashi, murfin kuloci ya bugi kututture ya tsage, baƙin mai yana zuba har kan takalmina. Na sayo sabon murfi, ina so in ɗaura da kaina domin bakanike ya yi mana nisa. Amma wani ya ce kada in ɓata kuɗi a kan fakin, wato 'yar takardar da ake sawa tsakanin murfi da inji don kada mai ya zuba, in shafa jan gam kawai, wai ya fi riƙewa. Tsorona kada injin ya buga, ita kaɗai ce jarina.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Tsoronka yana kan hanya, amma aikin bai fi ƙarfinka ba. Da farko dai ka daina hawanta har sai an gyara, domin man da ke cikin injin nan gaba ɗaya bai wuce lita guda ba, abin da ya zuba a takalminka kuwa daga ciki aka rage shi.

Ka nemi wuri mai daɓe, ka shimfiɗa buhu, inda iska ba ta kaɗawa. Yashin yankinku shi ne abokin gaba na farko da zarar an buɗe inji. Ka wanke gefen injin tun kafin ka taɓa noti, ka juye man, ka cire kik da wayar kuloci, da matakin ƙafa idan ya tare maka hanya. Notinan murfin sifana mai lamba 8 ce ke kwance su, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne. Zana siffar murfin a kan kwali, duk wanda ka cire ka soka shi a gurbinsa. Idan murfin ya ƙi fita, ka bubbuga shi da katako. Kada ka cusa sukudireba a tsakani kana ɓanɓara, alminiyom ne, tabon da ka yi masa nan mai zai riƙa bi har abada. Akwai 'yan gajerun bututun ƙarfe da ke daidaita zaman murfin, ka lura kada su faɗa ƙasa ko cikin inji. Sannan ka ajiye tsohon murfi kusa da sabo, duk abin da ke jikin tsohon wanda babu a sabon, irin su hannun da ke tura kuloci da sifirin ɗinsa, ka mayar da shi yadda ka same shi. Sil ɗin kik kuwa sa sabo.

Yanzu ga maganar gam, wadda ita ce ta fi damuna. Wannan shawara ta kashe injina da yawa, kuma kullum sai na ji ta a bakin masu gyara a gindin bishiya ranar kasuwa. Dalilinsu shi ne gam yana tsayar da yoyo nan take, mai babur ya biya ya tafi yana godiya. Abin da ba sa gaya masa shi ne, lokacin da aka ɗaure murfi, gam ɗin matsewa yake yi ya fito ta gefe biyu. Wanda ya fito waje kana ganinsa, ka goge da yatsa. Daidai da shi ya fito ta ciki, inda ba ido ba yatsa. Yana bushewa, zafin mai ya yi ta dukansa, ya ɓalle ya bi mai.

A yawancin ƙananan injinan nan, man da famfo ke turawa yana bi ta wata 'yar hanya a jikin wannan murfin kafin ya shiga karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji. Ramin ƙarami ne ƙwarai, kuma bakinsa yana daidai inda ake lafta gam ɗin. In ya toshe, babur ba zai nuna maka komai ba a ranar. Zai tashi, zai yi gudu, sandar awon mai za ta nuna mai a cike, alhali konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, yana juyawa a bushe. Sai ka ɗauko buhu biyu a tsakar rana, ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa, shi ke nan. Idan aka kawo mana irin wannan inji muka zaro ragar tace mai, za ka ga jan gam ya nannaɗe ta zare-zare kamar taliya, fin ɗin karanshaf kuma ya koma shuɗi saboda ƙuna. A lokacin wanda ya shafa gam ɗin ya tashi zuwa wata kasuwar, kuma ko ka same shi cewa zai yi man da ka zuba ne ba shi da kyau.

Ban da wannan ma, fakin yana da kaurinsa, kuma da wannan kaurin aka auna tazarar da ke tsakanin murfi da kayan ciki. Ka cire shi, murfin ya matso, sai ka ji kik ya yi tauri ba ya dawowa, ko kuloci ya ƙi saituwa. Wasu har gam ɗin gilashin taga suke sawa, wanda ba a yi shi don zama cikin baƙin mai ba. Masu yanka kwalin sukari su ce fakin ne, su ma kada ka saurare su, kwalin jiƙewa yake yi ya saki. Jama'a mu ji tsoron Allah a kan dukiyar mutane. Mutum ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi babur, kai kuma don kada ka tashi ka nemo fakin ɗin da bai kai kuɗin lita ɗaya ta baƙin mai ba, ka jawo masa sauke inji. Wannan cin amana ne, ko da ba ka yi niyya ba.

To Malam, ka sayi fakin na Boxer, ka ɗora shi a kan murfin tun a shago ka ga kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa. Ka toshe cikin injin da tsumma mai tsabta, ka kankare tsohon fakin tas da reza a kwance, ka goge da fetur. Sabon a bushe ake sa shi, ko da ɗan giris kaɗan don ya tsaya. Ka fara ɗaura duk notinan da hannu, sannan ka bi su da sifana kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, zagaye biyu. Ƙarfin wuyan hannu ya isa, in ka danna da kafaɗa zaren zai cinye.

Ka zuba baƙin man babur wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, domin kulocin cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota suna sa shi sulɓi. Ka bar wa hannun kuloci wasa na milimita 2 zuwa 3. Tayar da ita ta yi 'yan mintoci a tsaye, kashe, ka sake auna man yayin da babur ɗin yake miƙe, ka shafa farar takarda a ƙasan murfin. In ka ga danshi, kada ka ƙara ɗauri, sake buɗewa ka duba ko guntun tsohon fakin ya saura.