Filafilin jirgina yana maƙalewa, jirgin kuma ya karkace ba ya gudu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Legas, kwanan nan na fara koyon tuƙa ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai biyu, wato zannuwan da iska ke tura jirgin da su, babba da ƙarami na goshin jirgi. In na zo ɗaga babban sai ya maƙale a rabin jigo. In kuma ya hau na ja igiya tamau, sai jirgin ya kwanta gefe guda, gudu kuwa babu. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ta farkon mai sauƙi ce. Filafili ba ya hawa in iska ta riga ta cika shi, domin tana danne bakinsa a cikin kwararon jigo. Kafin ka taɓa igiyar ɗagawa, juya goshin jirgin ya fuskanci iska sosai, ka saki igiyar da ke riƙe sandar ƙasan filafilin gaba ɗaya, sannan ka ja. Zai yi ta kaɗawa da ƙara kamar zanen da aka shanya ranar iska. Kada ƙarar ta dame ka, alama ce babu nauyi a kansa. Sai dai ka sunkuyar da kai, sandar nan tana lilo, kuma ba ta da tausayi. Babban ake fara ɗagawa, na goshi ya biyo baya, wajen saukewa kuwa na goshi ne farko. In babban ya kai ƙololuwa dubi bakinsa a jikin jigo: in ya yamutse a kwance, da sauran ja, in kuwa ninki ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, ka wuce gona da iri.

Ta biyun ita ce ta fi ɗaukar hankalina, don kusan duk sabon hannu a nan yake faɗawa. Yana ganin ja da ƙarfi shi ne gudu. Filafili aikin fiffike yake yi. Iska ta bi ta cikinsa da ta bayansa a santsi, wannan ne ke jan jirgin gaba. Da ka matse shi fiye da kima, iskar bayan ta rikice, ƙarfin duk ya koma tura jirgin gefe. Shi ya sa kake kwance kana tafiyar hawainiya.

Ga abin da za ka yi. Ka tsayar da inda ka nufa, ka riƙa sakin igiyar sandar ƙasa a hankali har gefen filafilin na kusa da jigo ya fara ɓari. Sai ka ja kaɗan, daidai inda ɓarin ya tsaya. Nan ne wurinsa. Za ka ji jirgin ya miƙe, ruwa ya fara ƙara a ƙarƙashinka. Duk sanda ka sauya hanya ko iska ta juya, ka sake.

Na goshin kuma, liƙa masa gajeren zaren ulu a kowace fuska, kamar taƙi guda daga bakinsa. In duka biyu sun kwanta baya a miƙe, daidai ne. Na ɓangaren iska ya yi rawa, ja igiya. Na bayan ya yi rawa, sassauta.

Ka sani jirgi ba ya shiga iska kai tsaye. Kusan digiri 45 ta kowane gefe ba ya tafiya, sai dai a yi ta karkata dama da hagu. A Legas yawancin shekara iskar daga kudu maso yamma take, takan ƙara ƙarfi da rana ta yi, ga kuma jan ruwan teku a mashiga wanda ke iya kwashe ka in iska ta kwanta.

Ina roƙonka abu biyu. Igiyar sandar ƙasan babban filafili ta zauna a hannunka, kada ka ɗaure ta, domin in iska ta buso da ƙarfi sakinta ne zai hana ka kifewa. Rigar kariya kuma tun a gaɓa ake sa ta, ko da ka iya iyo.