Ku Tambayi Likita: Me Ake Koya A Karatun Fisiyo?

Duk lokacin da aka fara sayar da fom ɗin JAMB, wasiƙu kan yi mana yawa a kan karatun fisiyo, wanda mutanenmu suka fi sani da gashin ƙashi. Mun zaɓi shida daga cikinsu, muka miƙa wa likitocin fisiyo masu koyarwa a jami'a da asibiti. Ga amsoshinsu.

Ina son karatun likita amma makina bai kai ba, sai aka ba ni shawarar in koma fisiyo. Abokaina suna cewa tausa da gashi ne kawai. Me zan zauna in koya har shekara biyar?
*Ɗalibi daga Zariya*

Ɗana, sunan nan na gashin ƙashi shi ne ya ɓatar da abokanka, kuma ba su kaɗai ba. Gashi ɗan ƙaramin yanki ne na aikin. Ainihin abin da za a koya maka shi ne yadda za ka binciki mutumin da motsi ya gagara, ka gano inda matsalar take, ka yanke shawarar abin da za ka yi masa da abin da ba za ka kuskura ka yi ba.

Aji ɗaya kimiyya ce zalla: fiziks, kemistiri, bayoloji da lissafi. Aji biyu ne ake tankaɗe da rairaya, domin a nan za ka shiga ilimin sassan jiki, da yadda suke aiki, da sinadaran da ke gudana a cikinsu. Za ka shiga ɗakin gawa ka ga tsoka da jijiya da idonka. Babban mutum yana da ƙashi 206, da tsoka sama da 600, da jijiyoyi ƙafa 31, wato bibbiyu dama da hagu, masu fitowa daga laka, da ƙafa 12 masu fitowa daga ƙwaƙwalwa. Ba haddar sunayensu kawai ake nema ba. Kowace tsoka sai ka san daga ina ta taso, ina ta ɗafe, wace jijiya ke motsa ta, kuma wane motsi ne zai ɓace idan ta mutu. Yaron da aka yi wa allura ba daidai ba a ɗuwawu, ya koma yana jan ƙafa, dole ka iya bin sawun babbar jijiyar da allurar ta taɓa tun daga ƙugu har tafin ƙafa. Jaririn da aka ja da ƙarfi wajen haihuwa, hannunsa ɗaya ya saki, dole ka san cewa galibi saiwoyin jijiya na biyar da na shida a wuya ne suka ji rauni.

A aji uku ake shiga sana'ar kanta: ilimin motsin jiki, magani da atisaye, aiki da na'urorin lantarki, ilimin cututtuka da na magunguna. A nan ake koyon awo. Ƙarfin tsoka ana auna shi daga 0 zuwa 5: sifili babu ko motsi, 3 ta iya ɗaga gaɓar da kanta amma ba ta jure a danne ta, 5 ƙarfi cikakke. Lanƙwasar gaɓa kuma da ma'aunin kusurwa ake auna ta. Lafiyayyar gwiwa tana lanƙwasawa zuwa kusan digiri 135, kafaɗa tana ɗagawa zuwa 180. Idan ba ka rubuta cewa gwiwar majinyaci tana tsayawa a 60 ranar farko ba, bayan wata guda ba ka da hujjar cewa aikinka ya yi amfani.

Aji huɗu da biyar a asibiti za ka yi su, kana zagaya sassa: ƙashi, jijiya da ƙwaƙwalwa, yara, zuciya da huhu, mata da haihuwa, 'yan wasa, da aikin cikin al'umma, sannan ka rubuta kundin bincike. Za ka koyi juya mai shanyewar ɓarin jiki duk bayan awa biyu don kada gyambo ya kama shi, da hana 'yan jinya jan shanyayyen hannunsa, domin kafaɗar na iya zamewa daga gurbinta. Za ka koyi fitar da majina daga ƙirjin wanda ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman.

Abu ɗaya muke roƙonka. Kada ka shigo da niyyar zaman jiran canjin kwas. Waɗanda suka shigo da rabin zuciya su ne aji biyu ya fi kayarwa.

Ɗana yana ajin ƙarshe a sakandare. Waɗanne takardu ake nema, kuma yaya zan gane makarantar da ba za ta ɓata masa shekaru ba?
*Wani uba daga Katsina*

Alhaji, kiredit biyar ake nema a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. A JAMB kuma Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji zai zauna. Makin da ake yankewa yana sauyawa kowace shekara kuma kowace jami'a da nata, don haka a duba sanarwar jami'ar ta shekarar, kada a dogara da abin da ɗan maƙwabci ya samu bara.

Tambayarka ta biyu ta fi muhimmanci. Amincewa biyu ake buƙata, kuma ɗaya ba ta wadatar. Akwai ta hukumar jami'o'i, NUC, akwai kuma ta MRTB, hukumar da aka kafa da doka ta 38 ta 1988 don yi wa likitocin fisiyo da takwarorinsu rajista. Jami'a na iya samun izinin buɗe sashe alhali hukumar sana'ar ba ta tantance shi ba, ko kuma ta ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka ƙayyade mata. Ranar da yaro ya gama sai ya tarar da takardar digiri a hannu amma babu lasisi, kuma ba shi da ikon taɓa majinyaci. Ka tambayi sashen kai tsaye: MRTB ta tantance ku? Ɗalibai nawa ta yarje muku? A wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki, kuma likitocin fisiyo nawa ne a can? Idan aka yi ta kewaye-kewaye da amsa, ka nemi wata makarantar.

Karatun ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Wasu Turawan Ingila biyu ne suka kawo aikin asibitin ƙashi na Igbobi a Legas a 1945, ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasa ta kafu a 1959, Jami'ar Ibadan kuma ta fara koyar da karatun digirinsa a 1966. A Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri su ne suka daɗe suna yaye ɗalibai, kuma ta Kano tana da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ƙashi na Dala a kusa da ita.

Ina aji uku. Gaskiya na'urorin lantarki tsoro suke ba ni, kullum ina ganin zan ƙona wani. Ina kuskuren ya fi faruwa?
*Ɗaliba daga Maiduguri*

'Yata, wannan tsoron alheri ne, muddin ya kai ki ga bin ƙa'ida. Yawancin ƙunar da ake yi ba daga na'ura take ba, daga tsallake gwajin fata take. Kafin ki ɗora wa kowa zafi, ki cika kwalabe biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da mai sanyi, ki sa ya rufe ido, ki riƙa taɓa wurin da su yana faɗa miki wanne ne. Mai ciwon suga da ya daɗe, da mai kuturta, da wanda lakarsa ta taɓu, fatarsu na iya dahuwa ba su ji komai ba. Wanda ya kasa bambancewa, babu gashi a wurin.

Jakar gashi tana fitowa daga ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 75. Ana naɗe ta da tawul ninki shida zuwa takwas, ana barin ta minti 15 zuwa 20, amma bayan minti biyar na farko sai kin ɗaga kin duba fatar. Kada ki bari majinyaci ya kwanta a kanta, domin nauyinsa zai matse tawul ɗin zafin ya ratsa. Ki kuma faɗa masa a fili cewa ɗumi mai daɗi ake nema. Mutanenmu da yawa sun ɗauka cewa in bai yi zafi ba bai yi magani ba, sai su cije su yi shiru har fata ta tashi.

Na'urar sauti kuwa, wato ultrasound ta magani, ƙarfin kaɗawarta na megahaz 1 na shiga zurfi har kusan santimita biyar, megahaz 3 na sama-sama ne. Ki shafa man da ake amfani da shi sosai, kuma kada kan na'urar ya tsaya wuri ɗaya, domin zafin zai taru a kan ƙashi. Ba a ɗora ta a kan cikin mai juna biyu, ko ido, ko inda ake zargin daji. Babbar na'urar gashi ta gajeren zango ba ta shiri da ƙarfe, saboda haka ki tambaya ko an taɓa sa masa ƙarfe a ƙashi, a cire sarƙa da zobe da agogo. Wanda aka dasa wa batirin zuciya ba a kusantar da shi gare ta, kuma ba a sa masa na'urar tsikarar jijiya. Sabon targaɗe mai kumburi ba ya son zafi a kwana biyu zuwa uku na farko. Ƙanƙara ake naɗewa a ƙyalle a ɗora minti 10 zuwa 15.

Abin da mai jarrabawa ya fi so ya gani shi ne ko kin san lokacin da za ki janye hannu. Sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo bayan doguwar kwanciya: wataƙila gudan jini ne, kuma tausa na iya tura shi huhu. Ciwon baya tare da rama da zufar dare: a binciki tarin fuka na ƙashin baya. Ciwon baya tare da rashin jin taɓi a fatar tsakanin cinyoyi da kasa riƙe fitsari: a tura shi ga likitan tiyata a ranar, ba gobe ba.

'Yata na son wannan karatu, amma mahaifinta na ganin aikin taɓa maza ne. Me za ku ce?
*Wata uwa daga Gusau*

Hajiya, ba za mu ɓoye miki ba: a lokacin koyo za ta duba maza da mata, kamar kowace ɗalibar likitanci ko jinya. Ana koya musu neman izini kafin taɓawa, da rufe duk inda ba a aiki a kai, da ajiye mutum na uku a ɗaki. Bayan ta gama tana iya karkata ga mata da yara. Ki tuna wa Malam cewa akwai matan da ke fama da ciwon ƙugu bayan haihuwa, da masu ɗigar fitsari, da masu yoyon fitsari waɗanda doguwar naƙuda ta bar su da jan ƙafa, da iyayen yaran da shawara ko wahalar haihuwa ta taɓa wa ƙwaƙwalwa. Da yawansu suna haƙura a gida ne saboda ba su sami mace da za ta duba su ba.

Na ji ana maganar digirin DPT. Ina bambancinsa da tsohon, kuma me ke biyo bayan kammalawa?
*Ɗalibi daga Kano*

Tsohon tsarin shekara biyar ne, DPT kuma, wato sabon digirin dakta a fisiyo, shida. NUC ta amince da shi kuma jami'o'i na komawa kansa sannu a hankali. Ƙarin shekarar ta fi tafiya ne a zaman asibiti da zurfafa binciken cuta. Ba digirin digirgir ba ne, digirin shiga sana'a ne. Kowanne ka yi, hanyar ɗaya ce: rantsuwa a gaban MRTB da lasisin wucin gadi, shekara guda ta sanin makamar aiki a asibitin da hukumar ta amince da shi, cikakkiyar rajista, sannan hidimar ƙasa. Gurbin sanin makamar aiki yana da wuyar samu, don haka ka nemi asibitoci da yawa lokaci guda, har da na wajen jiharka. Lasisi kuma duk shekara ake sabunta shi. Wanda ya karanto a Indiya ko Masar ko Sudan ma sai ya bi ta tantancewar hukumar kafin ya fara aiki a nan.

Gidanmu gidan ɗori ne tun kakanni. Idan na yi wannan digiri, zan iya haɗa shi da gadon gidanmu?
*Matashi daga Sakkwato*

Ɗana, kana da abin da takwarorinka ba su da shi: ka saba da majinyata, kuma mutanen gari sun yarda da gidanku. Amma ka sani, gyara karaya da yi mata aiki hurumin likitan tiyatar ƙashi ne. Naka aikin shi ne kiyaye gaɓoɓin da ke kusa kada su sage, dawo da ƙarfin tsoka, da koyar da tafiya da sanda har a ajiye ta. Lasisinka ba zai ba ka damar yin ɗori ba.

Inda karatun zai amfani gidanku shi ne sanin haɗari. Idan aka ɗaure karaya da karan dawa aka matse, kumburi ya rasa inda zai je, jini sai ya daina isa ga tsoka, kuma cikin kamar awa shida ta fara mutuwa. Alamarsa ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa idan aka miƙe yatsu, da mutuwar jiki a yatsun, da sauyin launinsu. Nan take ake kwance ɗaurin a garzaya asibiti, in ba haka ba hannu ya ƙanƙance ko ya ruɓe a yanke shi. Haka gwiwar hannun yaro bayan karaya: murza ta da miƙar da ita da ƙarfin tsiya na sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, gaɓar ta ƙara ƙagewa. Yaro ake bari ya motsa ta da kansa, kaɗan-kaɗan, ta hanyar wasa. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta cikin gaɓa, da ta ƙugu, da ta ƙashin baya kuwa, ka roƙi iyayenka tun yanzu su riƙa tura su asibiti a ɗauki hoto kafin kowa ya sa hannu.