Me ya haɗa tishun goge jarirai da gurɓacewar teku?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai jego ce, a Landan nake zaune. Na ga 'yan sa-kai a bakin kogin Tems suna tsince jiƙaƙƙen tishun da muke goge jarirai da shi, suna cewa yana lalata kogi da teku. To, ta yaya abin da na jefa a masai zai kai teku, alhali an rubuta a jikin fakitin cewa ruwa zai tafi da shi? Kuma tsintar tana da wani amfani kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya raya. Rubutun jikin fakitin ba ya nufin komai illa cewa tishun zai wuce ta maƙogwaron masai. Takardar ban-ɗaki da ta sha ruwa sai ta dagargaje, shi kuwa wannan an yi shi ne don ya jure danshi, kuma da yawa daga cikinsa akwai zaren roba a ciki. Ki gwada da kanki: ki sa kowanne a kwalbar ruwa ki girgiza, takardar za ta koma kamar kunu, tishun kuwa zai fito garau.

Yawancin manyan magudanan tsakiyar Landan tun zamanin injiniya Joseph Bazalgette aka gina su, wajen shekarun 1860, kuma hanya ɗaya ruwan sama da ƙazantar gidaje suke bi. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, magudanan sukan cika su amayar da abin da ke cikinsu a kogi, kogin kuma ya nufi teku da shi. Wanda bai fita ba yakan haɗu da maiƙon girki ya daskare. A shekarar 2017 an tarar da irin wannan curi a ƙarƙashin unguwar Whitechapel, nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250. A shekarar ce kuma binciken ƙungiyar kamfanonin ruwa, Water UK, ya nuna cewa kusan kashi 93 cikin ɗari na abin da ke toshe magudanai wannan tishun ne. A cikin teku mai robar ba ya ruɓewa, sai dai ya marmashe ya zama ɓurɓushin roba da kifi ke haɗiyewa.

Game da tsintar kuwa, gaskiya ita kaɗai tamkar ɗiban ruwa da kwando ce, domin kafin a dawo wani ya taru. Amfaninta na haƙiƙa yana cikin ƙirgar. 'Yan sa-kan ƙungiyar Thames21 sukan jira ruwa ya janye, su sa takalman roba da safar hannu, su auna wani ɗan yanki na taɓo, su ƙirga tishun da ke ciki ɗaya bayan ɗaya su rubuta. Shekara da shekaru suna haka kusa da gadar Hammersmith, inda tishu ya cakuɗe da laka da rassan itace ya yi tudu har ake kiran wurin tsibirin tishu. Ita ma ƙungiyar kare teku ta Marine Conservation Society irin wannan ƙirgar take yi a gaɓar teku kowane watan Satumba. Hukuma tana iya kau da kai daga ƙorafi, amma alƙaluman da aka tara a wuri guda tsawon shekaru suna da wuyar musantawa.

Da irin wannan hujja 'yar majalisa Fleur Anderson, mai wakiltar Putney, ta gabatar da ƙudurin hana sa roba a tishun a 2021. Kantunan Tesco da Boots suka daina sayar da mai roba a 2022, gwamnati ta sanar da shirin haramta shi a Afrilun 2024, sannan a 2025 aka kai motar haƙa aka kwashe fiye da tan 100 daga tudun Hammersmith.

Sai dai kada ki sakankance da wanda aka rubuta cewa babu roba a cikinsa, domin shi ma ba ya saurin dagargajewa, kuma yana iya toshe bututu. Ki ajiye ƙaramin kwandon shara mai murfi kusa da masai, duk tishun da kika yi amfani da shi ya tafi can, kome aka rubuta a fakitinsa.