Kauri ko tsawo? Amsar tambayarka kan sukurun ƙashin baya

Dakta, na ga saƙonka, wai in ana so sukuru ya riƙe ƙashin baya gam, tsawo za a ƙara masa ko kauri. Kauri ne ya fi tasiri. Amma tambayar nan taka ta tono min wani miki da har yau bai warke ba.

Yadda ake nemo bakin fedikul, wato wuyan da ya haɗa jikin ƙashin baya da ɓangarensa na baya inda ake shigar da sukuru, ba zan tsaya a kai ba, wanda bai iya wannan ba me ya kai shi tiyata? Abin da nake so ka riƙe, wajen kashi 60 cikin 100 na ƙarfin riƙon sukuru a cikin fedikul yake, wannan siririn wuyan mai tauri, ba can cikin jikin ƙashin da yake kamar soso ba. Don haka ka zaɓi wanda zai cika fedikul ba tare da ya fasa shi ba, tsawo kuma in ya ci kamar kashi 80 na jikin ƙashin ya isa, in ka huda gaba manyan jijiyoyin jini ne ke jiranka. Ka karkata na dama da na hagu su nufi tsakiya, taf ɗinka, wato ƙarfen da ke fara yanka wa haƙoran sukuru hanya a ƙashi, ya gaza sukurun kauri da milimita 1, kuma in ka ɗaura kar ka kwance ka sake ɗaurawa, haƙoran da ya yanka a ƙashi kake cinyewa. Ƙashin tsohuwa da ya yi laushi kuwa sai da simintin ƙashi, wanda ake zubawa don ya kama sukurun.

To amma kauri iri biyu ne, a nan ku yaran yanzu kuke faɗawa rami don lambar da ke jikin kwali kawai kuke karantawa. Kaurin waje, har da haƙora, shi ke hana sukuru zarewa. Kaurin ciki shi ke hana shi karyewa, kuma in ya ragu kaɗan ƙarfin ba kaɗan yake raguwa ba, zubewa yake sosai.

Akwai wani direban babbar mota da na yi wa aiki, ƙashin ƙugu na huɗu (L4) ya zame kan na biyar (L5), ƙafa na ja, iyalinsa sai da suka sayar da gona suka haɗa kuɗin. Dilan kayan ya kawo sukuru a rufe a kwali mai hatimi, an rubuta ƙarfen taitaniyom, kauri milimita 6.5, ya rantse min da Allah na kamfani ne kuma kuɗin na kamfani ya karɓa. Aiki ya yi kyau, hoto tsaf, mutumin ya taka da ƙafarsa ya tafi gida. Kafin dashen ƙashin da muka sa don ya haɗe L4 da L5 ya kama sai ga shi an kwaso shi yana ihu, hoto ya nuna sukuru biyu na ƙasa sun karye daidai wuyansu. Da na buɗe na ciro na aza kusa da na gaske, waje ɗaya suke, amma cikin na dilan siriri ne sosai, ko lambar kamfani babu a kai. Guntayen da suka maƙale a fedikul kuwa sai da na yi gumi kafin na fitar. Aiki na biyu daga aljihuna na biya, duk da haka ƙanin direban ya tsaya a bakin ward yana ce min maci amana a gaban ɗalibaina. Dilan ya kashe waya, daga baya na ji ya canza sunan shago yana ci gaba da sayarwa, kuma likitoci irinku ne ke saye don yana ba su kamisho. Ban yafe ba.

Ƙarfe ba ya ɗaukar nauyin mutum har abada, duk takun da majinyaci ya yi lanƙwasa shi yake, in ƙashi bai haɗe da wuri ba ko na gasken ma zai karye, shi ya sa nake faɗa in na ga kun ɗaura rodin da ke haɗa sukuran kun yi wa dashen ƙashi aikin gaggawa kuna ta ɗaukar hoto a waya.

Aikin ranar Laraba, ka zo min da awon fedikul daga hoton CT, mataki-mataki, da lambar kowane sukuru a rubuce cikin fayil kafin a kwantar da matar.