Wai da gaske abin askin nan na 1904 ne?

Tambaya: Salam Malam. Na sayi tsoffin abin aski guda biyu na Gillette wurin wani ɗan gwanjo, irin wanda ake saka wa reza mai baki biyu. Ɗaya an rubuta PAT NOV 15 04 a jikin mariƙin, ya rantse min na 1904 ne kuma gwal ne, na biya kuɗi sosai. Ɗayan mai kauri ne, yana da lamba 1 zuwa 9 a wuya, a ƙasan kan an sa F da 2, shi kyauta ma ya haɗa min. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya, an cuce ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kwantar da hankalinka tukuna, don wanda aka ba ka kyautar ya fi wanda ka saya daɗin aski. Sunan samfurinsa Fatboy, Gillette ta yi shi daga 1958 zuwa 1961. Daga 1951 suke sa harafi na shekara da lamba ta wata uku-uku, W na 1951 ne, A na 1955, to F kenan 1960, 2 ɗin kuma tsakanin Afrilu da Yuni. Haruffan suna zagayowa, A ya sake dawowa a 1980, shi ya sa sai an haɗa da samfurin. Tagulla ce mai nauyi da ruwan nikel, ka murɗa gindin ka gani ko ƙofofi biyun kan, inda ake saka reza, suna rufewa daidai, in suna yi to ka dace.

Yanzu ga abin da yake ba ni haushi kullum. Wannan 04 ɗin ba ranar ƙera shi ba ce, ranar da gwamnatin Amurka ta ba King C. Gillette, mai kamfanin, takardar haƙƙin ƙirƙirarsa ce, 15 ga Nuwamba 1904, kuma sun ci gaba da buga wannan rubutun shekara da shekaru, don sai 1921 haƙƙin ya ƙare. A yaƙin duniya na farko ma sojojin Amurka miliyoyinsu aka raba wa, to ina ƙarancin yake? Amma kullum sai wani ya turo min hoto yana murna wai ya samu na farko-farko, masu sayarwa kuma sun sani sarai, suna nuna maka 04 da yatsa suna ta rantsuwa. Haba jama'a, in ka ga an rubuta shekarar kafa kamfani a gwangwanin madara, madarar ta wannan shekarar ce? Abin da ake dubawa don sanin shekara siriyal namba ce, wato lambar da kamfani ya buga wa kowane ɗaya, in akwai ta. Gwal ɗin ma ruwa ne kawai aka shafa, siriri, ƙasansa tagulla. Kuma ka haska mariƙin da tocila, wannan samfurin ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa ta gefe, haƙoran kan ma in ɗaya ya lanƙwashe zai yanke ka.

Kar ka kuskura ka jiƙa su a bilic, zai cinye ruwan jikin. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshi, sai ka bi da sifirit, tsohuwar rezar ciki kuma a jefar. Ɗan gwanjon ka koma masa da wannan bayanin, a rage maka wani abu.