Tambaya da Amsa: Wai da gaske taici yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah ina da tambaya akan babanmu, shekarunsa 68, tunda yayi ritaya kusan kullum yana zaune a gida, bara kuma wasu ƙuraje masu masifar zafi suka feso masa a gefe ɗaya na haƙarƙari, a asibiti akace wai ƙwayar ƙarambau ce da yayi tun yana yaro ta farka saboda garkuwar jikinsa tayi rauni. Toh sai naga wani bidiyo a Facebook tsofaffi 'yan China suna wani motsa jiki a hankali kamar masu rawa, taici, mai bayanin yace yana ninka garkuwar jiki har ma mutum baya buƙatar riga-kafi. Gaskiya ne? In sa Baba ya fara? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma Allah ya saka miki da kula da kike yi da shi. Mai bidiyon nan ya ɗauko gaskiya ƙarama ne ya hura mata iska, amma abun mamakin shine ciwon da Baba yayi shine daidai inda aka yi wani bincike mai kyau akan taici da garkuwar jiki, dan haka bari mu tsaya a nan sosai.

Shi taici asalinsa dabarar faɗa ce da kare kai, ana danganta shi da ƙauyen dangin Chen a lardin Henan na China tun ƙarni na 17, daga baya ya koma motsa jikin lafiya, a 1956 hukumar wasanni ta China ta fitar da gajeren salo mai motsi 24 dan kowa ya iya, shi ne yawanci kike gani tsofaffi suna yi a filayen shaƙatawa da sassafe. A 2020 ma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka shi cikin al'adun duniya da ake adanawa.

Toh ita ƙwayar ƙarambau in yaro ya warke bata barin jiki, laɓewa take a tushen jijiyoyi kusa da laka, wasu fararen ƙwayoyin jini da suka riga suka gane ta su ke danne ta shekara da shekaru kamar mai gadi a bakin ƙofa, in girma ya zo ko ciwo ko damuwa tayi yawa sai gadin yayi sanyi ta biyo jijiya ta fito fata, shi yasa ƙurajen suke tsayawa a gefe ɗaya basa tsallakawa. Likitoci suna kiransa zosta, a Amurka ƙiyasi ya nuna kusan mutum 1 cikin 3 zai yi shi a rayuwarsa.

Wani likita Michael Irwin na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis shi da abokan aikinsa suka ɗauki mutum 112 masu shekara 59 zuwa 86, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya suna taici sau 3 a sati minti 40, ɗaya kashin kuma ana zaunar dasu ana musu darasin kiwon lafiya, bayan sati 16 aka yiwa dukansu allurar riga-kafin ƙarambau aka cigaba da auna jininsu har sati na 25. Sakamakon ya fito a 2007. Masu taici tun kafin allurar ƙarfin garkuwarsu akan wannan ƙwaya ya tashi kusan daidai da abunda allura kaɗai ta bawa ɗaya kashin, da aka haɗa musu da allurar kuma sai ya tashi da kamar kashi 40 cikin 100. Kinga wataƙila daga nan masu bidiyo suka samo zancen "baya buƙatar riga-kafi", alhali abunda binciken ya nuna shine haɗa biyun ya fi kowanne shi kaɗai.

Kuma fa jini aka auna, ba a bi mutanen nan shekaru ana ƙirga waye ya kamu waye bai kamu ba, mutum 112 sunyi kaɗan a gane hakan. Lamba ta tashi a gwajin lab daban, mutum ya tsira daga ciwo daban, wannan bambancin ne yawanci ake haɗiyewa a soshiyal midiya. Ga shi waɗanda aka gwada lafiyayyun tsofaffi ne, salon da sukayi ma wani sauƙaƙƙe ne da wani Ba'amurke ya tsara a shekarun 1970, ba na ƙauyen Chen ba.

Ta yaya motsi a hankali zai taɓa garkuwar jiki? Abunda aka fi zato shine ta hanyar damuwa da barci. In mutum ya daɗe cikin tashin hankali jiki yana ta zuba sinadaran ko-ta-kwana irinsu kotisol da adirenalin, su kuma in suka daɗe suna rage wa fararen ƙwayoyin jini kuzarin yaƙi da bairos suna kuma ruruta wani kumburi na ɓoye da baya fitowa a ido amma yana da hannu a ciwon zuciya da suga. Numfashi mai tsawo da nutsuwa da motsi mara gaggawa suna kwantar da wannan ɓangaren. Irwin ɗin dai ya sake wani gwaji akan tsofaffi 123 masu rashin barci, aka buga a 2015, aka ga alamun kumburin nan sun ragu a ƙwayoyin jinin masu taici. Ni a ganina ba wani sirri na musamman a ciki, motsa jiki ne da aka haɗa da nutsuwa da fita cikin mutane, wanda kuma tsoho zai iya jurewa ba tare da yayi haki ba, kuma wannan ɗin ba ƙaramin abu bane.

In kin tambaye ni dalilin da zai sa Baba ya fara, ba garkuwa zan fara kawowa ba, faɗuwa ce. A 2018 an buga gwaji a jihar Oregon ta Amurka akan mutum 670 masu shekara 70 zuwa sama waɗanda suke da haɗarin faɗuwa, masu taici sau 2 a sati tsawon wata 6 faɗuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100 akan waɗanda miƙe gaɓoɓi kawai sukeyi. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da ya karye a ƙugu yasan darajar wannan. Toh eh ya fara, amma in yana kan maganin hawan jini ko suga ya cigaba da abunsa, sannan ku tambayi likitansa akan riga-kafin zosta, akwai Shingrix da ake yi sau 2 ga masu shekara 50 zuwa sama wanda kariyarsa ta haura kashi 90 cikin 100, kuma ko wanda ya taɓa yin ciwon ana masa saboda yana iya dawowa.

TAMBAYA: Likita ni gwiwa ke damuna kuma garinmu babu mai koyarwa, zan iya bin YouTube? Daga wani dattijo a Maraɗi.

AMSA: Alhaji za ka iya, asali ma ciwon gwiwa na tsufa yana cikin abubuwan da aka ga taici yana rage zafinsu. Nemi wanda aka yi dan masu farawa ko dan tsofaffi, kar ka ɗauko na 'yan gasa da suke durƙusawa har ƙasa. Fara da minti 10, ƙasa mai daidai ba tayil mai santsi ba, kujera ko bango kusa da hannunka, ka ɗan lanƙwasa gwiwa kaɗan kawai kuma ta riƙa kallon inda yatsun ƙafa suke kallo, kar ta murɗe ciki. Lokacin zafi da sassafe bayan asuba ko da yamma liƙis. In tsayuwa tana wahala akwai wanda ake yi a zaune. In kaji jiri ko ƙirji ya riƙe ko gwiwar ta kumbura washegari, ka dakata sai likita ya duba ka.